Lada Ɗaya da Baba Yohanna

Lahadi da dare, Luggere.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau Fasto ya yi wa'azi a kan ma'aikatan gonar inabi: da mai zuwa da asuba da mai zuwa da yamma, ladansu ɗaya, wato ceto. Sai ga Baba Yohanna yana gyaɗa kai! Mutumin da ya kulle ƙofarsa lokacin da 'yan gudun hijira suka cika cocinmu, ni kuwa ina tuƙa musu tuwo har hayaƙi ya ci mini ido. Bara fa ya tuba.

Bayan sujada na tare Fasto, na faɗa masa abin da ya ɓata mini rai. Ya ce, "Mama Rahila, an rage miki naki ne?"

Ba a rage ba, na sani. Amma yau kam bakina ya ƙi cewa amin.