Wuƙar Zane Ta Iliyasu Ce

Da sunan Allah. Ni Cha'ibu mai zanen ƙwarya, na Matameye, nake magana, Malam Idirisa yana rubutawa. Cikina ya ruɓe, amma hankalina garau yake. Sani, Balki, ku saurara. Ƙanenku Iliyasu a karanta masa ranar da ya natsu.

Na ɗaya. Ƙarya na yi muku, ba sa ne ya soke ni ba, Iliyasu ne. Ranar kasuwa motar gyaɗa ta yi ƙara kamar harbi, na dafa kafaɗarsa, ya juyo ya luma mini lauje a ciki. Ba ubansa ya gani ba, dajin Andoshin ya gani, can ƙasashen gabas mai nisa, inda Faransa ta kai shi yaƙi. Laifina ne, ni da na san ba a dafa tsohon soja ta baya. Na yafe jinina. Sani, na san zafin zuciyarka, a wurina ka gada. In ka ɗaga masa sanda ko ka kai shi gaban kwamandan Faransa, ban yafe maka ba.

Na biyu. Kada a sa shi a marin mahaukata. Ni na sha mari. A yaƙin Jamus na farke cikin mutum da wuƙar bindiga, hanjinsa ya zubo kan takalmina. Da na komo gida, na karya hannun uwarku Mariyama don kawai murfin tukunya ya suɓuce mata. Balki, a gabanki aka yi. Wata huɗu ina ɗaure ana tsula mini bulala, ƙarfe ya cinye idon sawuna, na fito na fi da mugunta.

Tsohuwa Shekara mai zanen ƙwarya ta Tsauni ce ta sa wuƙar zane a wuta, ta miƙa mini da ƙwarya, jama'a suna watsewa don tsorona. Na ƙona ƙwarya arba'in kafin in ja layi ɗaya miƙaƙƙe. Abin da bakina ya kasa faɗa shi na riƙa ƙonawa a bayan ƙwarya, har hannuna ya daina neman wuyan mutane. Da sana'ar nan na ciyar da ku, kuma tsofaffin sojoji bakwai sun samu sauƙi a rumfata. Kada a rufe ta.

Na uku. Gonar hanyar Yauri da tumaki, Malam zai raba bisa shari'a. Kada wani ya ce mai kisa ba ya gado: wuƙaƙen zane na ba Iliyasu kyauta tun ina numfashi, Malam ne shaida.

Sani, kai za ka sa wuƙar a wuta. Ka zo masa ta gaba, ka miƙa masa, ƙota wajensa. Haka Shekara ta miƙa mini.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku uku na bari, ku ukun nake so in gani gobe ƙiyama.