Tafsirin da Kika Saya, Wai Haya Ne

Zuwa ga matata, Hajiya Tasalla,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na sa 'yarki Asma'u ta bar aikin gidanta ta zo ta rubuta wannan, tunda kin san ni da biro ba mu taɓa shiri ba. Na ce ta sa inda jama'a za su gani, don maganar ba tamu ce mu kaɗai ba.

Maganar tafsirinki ce, wanda kika saya a jawwal, wato wayarki ta hannu, na malamin nan mai Hausar Sakkwato. Kin tuna na hana ki, na ce abin da ba ka riƙe a hannu ba, ba ka saya ba. Kika ce, "Alhaji, kai komai sai ka yi musu." Kika biya da kuɗin ɗinkinki. Shekara da shekaru yana karatu a gidan nan na Zahir a Makka, kina tsinke ganyen mulukiya, ni ina yi kamar ba na ji.

Da aka zo rabon gadonki, ni na kafe sai an sa tafsirin cikin kaya, tare da keken ɗinki da awarwaro. Liman ya yarda. Ya faɗa a rabon Asma'u.

To, jawwal ɗin ya tsufa, batirin ya kumbura har murfin ya ɗaga. Na hau taksi na kai shi wani shago a unguwar Kudai, a kwashe karatun a zuba a na Asma'u. Mai gyaran, mutumin Cadi, ya juya ya juya, ya ce a kulle yake da sunanki. Wai kamfanin ba sayar miki ya yi ba, izinin saurare ya ba ki, ke kaɗai, kuma ba a gadonsa. Na ce ya ɓalle makullin. Ya ce mamnu'u, wato an hana, wai irin dokar da masu kamfanoni ke ta turawa a ƙasashe yanzu, wanda ya ɓalle ɓarawo ne, ko da shi ya biya. Na yi masa faɗa har mutane suka taru. Na san ba laifinsa ba ne, amma ban koma ba shi haƙuri ba, kuma ba zan koma ba.

Ni ban ce a ci haƙƙin malami ba. Ya sha wahala, a biya shi, an kuma biya. Amma "saya" aka rubuta a jiki, Asma'u ta karanta mini. Da haya suka rubuta, na san ki, ko halala ɗaya, kwabon ƙasar nan, ba za ki bayar ba. Duk dokar da ta ce mai saye ba zai ara wa maƙwabci ba, ba zai bar wa 'yarsa ba, ban yarda da ita ba, ko wa ya kawo ta. A da kaset ɗaya sai ya zaga gida goma, ba wanda ya kira mu ɓarayi.

Shi ya sa na kakkaɓe tsohuwar rikodarmu. Kullum da hantsi nakan kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda ƙararsa, in jingina jawwal ɗin a bakinta, in zauna cikin zufa ina naɗa. Tarina ya shiga, hon ɗin motoci ma ya shiga. Asma'u ta ce kada mu rubuta wannan. Na ce rubuta. Mai nemana ya san ƙofar.

Jiya a Suratu Yusuf, daidai inda kike cewa a mayar baya, hannuna ya kai kafin in tuna ba kya nan. Na mayar, Tasalla. Ya shiga kaset sau biyu, na bar shi haka.

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba ki ladan duk harafin da kika saurara, ya yafe miki, ni ma ki yafe mini musuna. Jawwal ɗin nan kuma, Allah ya ba shi ƙarfin da zai kai mu Suratu Nasi.

Mijinki,
Alhaji Ɗanjuma
Zahir, Makka