Mama Ta Mai da Ni Gandiroba a Labarinta

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin in aikata abin da dangi za su daɗe suna ba da labarinsa, ko da yake sun riga sun fara.

Ni ma'aikaciyar ɗakin magani ce a wani asibiti. Mahaifiyata tsohuwar shugabar makaranta ce, ta haura saba'in, tana da hawan jini, kuma tun rasuwar Baba a gidana take. Na ba ta ɗakin da ya fi kowane iska. Ni ke jera mata ƙwayoyinta, ni ke auna jininta kafin in fita aiki, ni na kwashe gishirin kicin na kulle a kabad saboda likita ya hana. Tukwicina shi ne kallo ta saman tabarau, irin wanda take yi wa ɗaliban da suka makara.

Da na ga sanarwar gasar gajerun labarai a ɗakin karatun unguwarmu, da rukunin dattawa, da na matasa, da na mu 'yan tsakiya, ni da ƙafata na kai sunanta. Nufina ta samu abin yi, ta daina bin mai aikina tana gyara mata shanya. Ni ma na shiga nawa rukunin da labarin wata 'ya mai haƙuri da ke jinyar uwarta. Nawa ko zagaye na biyu bai kai ba. Nata ya zo na ɗaya.

Sai da aka liƙa shi a allon ɗakin karatun na karanta, a tsaye, da jakata a kafaɗa. Labarin wata tsohuwa ne a kurkuku mai labule masu kyau. Gandirobar da ke tsaronta farar riga take sawa, tana warin maganin wanke hannu, kuma sai ta riga ta shigo ɗaki take ƙwanƙwasa ƙofa. In baƙi suka tambayi tsohuwar lafiyarta, gandirobar ce ke amsawa: “Ai mun samu barci, sai dai ba ma cin wannan.” Anti, haka nake magana, har da yadda nake karkata kai. Akwai kuma wani ɗa a labarin da ke shigowa kamar hasken safiya. Yayana ke nan, wanda ke zuwa jefi-jefi da ledar lemo, ya zauna yana latsa waya, ya tashi da albarka cike da aljihu. Yanzu in ya kira ni, da “Ranki ya daɗe, Gandiroba” yake farawa, matarsa na ƙyalƙyala dariya a bayansa.

A ƙarshen labarin, tsohuwar tana ɓoye gishiri a gidan tabaranta. Da na koma gida na buɗe na Mama. Ga shi nan, ƙulle a 'yar leda. Na ɗauke.

Da na tunkare ta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce labari ne ƙagagge, in na ga kaina a ciki in tambayi kaina abin da ya kai ni. Ta ƙara da cewa ta karanta nawa, rubutun ba laifi, sai dai uwar da ke ciki ba ta da baki, kamar kujera.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Tsarin gasar shi ne, ranar ba da kyauta, wani daga 'ya'ya ko jikoki ne ke karanta labarin dattijon da ya ci, wai don a haɗa kan manya da yara. Sunana Mama ta bayar. Ta ce in fara gwaji, don tun ina firamare nake haɗiye ƙarshen kalma.

Dokar gasar ta hana rubuta mutanen gaske. Ina so in sanar da alƙalan su soke nasararta, ko kuma in karɓi aikin wata abokiyar aikina a asibiti ranar. Wanne ya fi? Ni dai ba zan tsaya gaban maƙwabta in zagi kaina da bakina ba.

Wadda Aka Yi wa Sakayya da Alƙalami

*

'Yar'uwa,

Bari mu fara da alƙalan. A yanzu gandirobar nan ta cikin labari ce. Ranar da kika je kika ce “ni ce”, kin sa hannu a kan hoton, kuma kin ba Mama babi na biyu kyauta: gandiroba ta ƙwace kyautar fursuna. Ɓuya a asibiti ma bai fi ba, don yayanki ne zai karanta, kuma kin san da muryar wa zai karanta.

Kina da gaskiya a wuri fiye da ɗaya. Abin da Mama ta yi akwai mugunta a ciki, ta mai ilimi, wadda aka zauna aka tsara. Mai ledar lemo ya samu hasken safiya, mai jera ƙwayoyi ta samu mukullin kurkuku. Wannan rashin adalci ne, kuma kina da damar faɗa mata haka sau ɗaya, a zaune, ba da na'urar awon jini a hannunki ba. Yayanki kuma ki ba shi ranakun kai ta asibiti. Dariyarsa za ta ragu.

Amma na lura a duk wasiƙarki ba ki ce ta yi ƙarya ba. Ƙorafinki shi ne ta kwaikwaye ki daidai. Matar da ta yi shekaru tana riƙe da makaranta guda, yau ana amsa gaisuwa a madadinta. Ko sunanta a gasar ke kika kai, ba ki ce kin tambaye ta ba. Ku biyu kun rubuta gida ɗaya. A naki uwar ba ta magana, a nata 'yar ba ta saurare. Alƙalan sun zaɓi wanda tsohuwar ke da baki, kuma ina zargin rabin zafin da kike ji daga nan yake.

Sai gishirin. Mama ta san za ki karanta labarin, ta kuma rubuta maɓoyarta ɓaro-ɓaro. Tsohuwar malama ba ta yin irin wannan da kuskure. Jarrabawa ta ba ki, ta ga ko za ki zo ki yi mata magana ko za ki je ki yi bincike. Kin san wanda kika yi. Ban ce ki bar ta ta ci gishiri yadda ta ga dama ba, hawan jini ba ya jin adabi. Ki kai ta wurin likita, ki zauna a kujerar baya, ki kama bakinki, su biyu su yanke abin da za ta iya ci. Ki buɗe kabad ɗin. Ki ƙwanƙwasa, ki jira a ce ki shigo.

Ranar taron kuma ki je ki karanta, a tsanake, ba tare da haɗiye ƙarshen kalma ba. Ba ɗan lelenta ta zaɓa ba, ke ta zaɓa, don ke take so ki ji. In kin zo wurin “mun samu barci”, ki karkata kai yadda kika saba. Za a yi dariya, amma a hannunki dariyar za ta kasance, kuma babu wanda zai fita yana cewa gandiroba ce ta karanta.

Kafin nan, ki mayar mata da ledarta inda kika ɗauko, ki gaya mata kin mayar. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba uwar labarinki na gaba baki.