Mota ta ƙi tashi sai da taɓarya

Ɗana Auwalu,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya Fatakwal, yaya Maryam da jikata? Mu nan Lafiya muna lafiya, ban da motar nan.

Sati uku ke nan in na murza maƙulli sai ta ce ƙas, ta yi shiru. Na sauya batir, na kankare kansa har yatsuna suka yi baƙi, a banza. Rewaya, mai gyaran wutar mota, ya ce kik mai tayar da inji ne ya cinye, in riƙa ƙwanƙwasa shi wani na murza maƙulli. Hannuna bai kai wurin ba, sai na ari taɓaryar Mamanku. Ni ke daka, ita ke murzawa.

Ran Asabar mun je ta'aziyya Agyaragu. Da muka fito ta ƙi tashi. Na naɗe babbar riga, na ɗaga bonet, na shiga daka a gaban jama'a. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Alhaji, doyar ta dahu kuwa?" Har masu makoki sai da suka dara.

Tun ranar Mamanku ta ƙwace taɓaryarta, ta ce ta ajiye aiki. Ga doyata a tare a gonar Kwandere, awaki na yi mata ɗauki ɗaiɗai, ni kuma ba zan iya daka da murzawa lokaci guda ba.

Ka nemo mini kik a can ka ba mai mota ya kawo. Kafin nan ka kira uwarka ka lallashe ta, maganarka take ji.

Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Babanka,
Shu'aibu