Babur ɗin Uwaisu a Zaure

Kaduna, watan Safar

Zuwa ga Baba, Malam Dabo,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da iyalina Hafsatu da yara.

Baba, maganar babur ɗin da na bari a zaure ce. Batir idan ya daɗe a ajiye mutuwa yake, sabo kuma yanzu ko a Kano ba a samu. A riƙa tayar da babur ɗin duk Juma'a, a bar shi ya ɗan yi zafi. In ruwan batir ya ja baya, kada a zuba na rijiya, a sayo nasa na kwalba a Ɗanbatta. Farin garin da ke fitowa a kan waya a goge da tsumma. Aikin masaƙa lafiya lau.

Ɗanka, Uwaisu

*

Ƙauyenmu, watan Rajab

Uwaisu,

Bayan gaisuwa. Idona ya yi rauni, don haka Hafsatu ce ke duba batir. Da man fetur ya yi wuya, ta cire batir ɗin ta ɗora kan katako a inuwa, ranar kasuwa a kai caji. Ta ce mini, "Baba, ran da ya dawo ba na so ya tarar da fitilarsa a mace."

Geron bara ya ƙare, sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ba wannan ya sa na rubuto ba. Muntaka abokinka ya dawo, ya ce an sallame ku tun kafin Safar. Me kake ci a can?

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka

*

Kaduna

Baba,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Muntaka gaskiya ya faɗa. Dako nake yi a tasha, a rumfar wani mai shayi nake kwana. Sau uku na je bakin motar gida na juyo, na kasa shigowa gari hannu wofi. Na yi ta maganar batir ne don ku ɗauka ina da ranar dawowa.

A sayar da babur a sayi hatsi. A ce wa Hafsatu ta huta haka nan.

Uwaisu

*

Uwaisu,

Salamu alaikum. Na karanta wa Hafsatu takardarka. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ban sayar da babur ba, akuyar nan mai ƙaho ɗaya na kai kasuwa. Ruwa ya sauka ranar Talata, maƙwabta duk sun yi shuka, gonarmu ce kaɗai a kwance, ni kuwa bayana ya daina sunkuyawa. Ba wanda zai dubi aljihunka a nan. Hannuwan nan naka da kake cewa wofi ne, su muke jira.

Ka shigo motar Lahadi.

Mahaifinka