Baba Ya Kira Sau Uku Ban Ɗaga Ba

Anti Roda, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana.

Ni malamar kimiyya ce a nan Yelwa. Shekara shida ina bincike kan anod, wato ɓangaren batirin litiyam da ke riƙe caji, irin na waya da sola. Daga buntun shinkafa nake fitar da sinadarin silikon in haɗa shi. Matsalarsa kumburi, in caji ya yi yawa sai ya tsattsage, batirin ya mutu. Mahaifina, Malam Sabitu, shi ke nemo min buntun. Bai gane aikin ba, amma har a kasuwar Muda Lawal yana ba abokansa labarina.

Wata Laraba da hantsi, hannuwana na cikin akwatin da muke haɗa batir, wayata tana kan tebur, Baba ya kira sau uku. Ina ganin sunansa, na ce bari in gama. Kafin azahar yayana Ya'u ya sanar da ni Baba ya faɗi a ƙofar gida a unguwar Fadaman Mada, rai ya yi halinsa.

Anti, batirin da na haɗa ranar shi ne ya jure caji ɗari biyar bai tsage ba. Abokan aiki suna ta murna, suna jira in rubuta sakamakon. Ni kuwa wata huɗu ke nan ko ƙofar ɗakin binciken ba na iya kallo. Me ya so ya gaya min? In bar aikin ne?

Marainiya, Yelwa

'Yata, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki haƙuri.

Ba zan ce kada ki ji zafi ba. Kin ga kiran, kin jinkirta, wannan zai daɗe yana miki ciwo. Amma ba ki san na ƙarshe ba ne, kuma ba wayar ce ke riƙe da ransa ba.

Ki je wurin Ya'u ki gaya masa abin da kika gaya min. Wataƙila ya san dalilin kiran. In bai sani ba, ki bar wa Allah.

Kada ki yanke hukuncin barin aiki cikin makoki. Nemi hutun wata guda a rubuce. In kin dawo, ki shiga ɗakin tare da abokiyar aiki, ko na awa ɗaya ne. Ki rubuta sakamakon. Bayan nan, in har zuciyarki ta ƙi, ki bari, ba laifi kika yi ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, 'yata.

Anti Roda