Hamida da Ƙafafun Madam

Zango, Sokode

Zuwa ga Yayana Huseini, a Dapango,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Azara da yara duka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan lafiya lau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗagawa, har katangar bayan gida ta fara zubewa, maigidana Salifu ya tokare ta da itace kafin damina ta wuce. Inna tana nan da sauƙi, gwiwoyin ne dai kamar yadda ka sani. Dalilin rubutowata kuwa, maganar 'yarka Hamida ce, kuma alheri ne.

Ka tuna Madam, kyanwar Inna mai ruwan toka, wadda marigayi Baba ya tsinto a mahauta tana 'yar mitsitsiya. Ta tsufa sosai yanzu. Da sanyin damina ya shigo sai ta daina hawa gadon Inna, ta daina lasar jikinta, gashin bayanta ya cukurkuɗe. In ta tashi daga kwance sai ta daɗe a tsaye kafin ta ɗaga ƙafa, in an taɓa ƙugunta ta yi wa mutum huci. Har ta fara fitsari a cikin ɗaki, don ba ta iya tsallake dokin ƙofa. Salifu ya gaji, ya ce a sa ta a buhu a kai ta hanyar Sotubuwa a sake ta. Daga ranar Inna ta rage cin abinci, ta juya fuska ga bango. Ka san tun rasuwar Baba da wannan kyanwa take hira.

Wata safiya Inna ta ɓare parasetamol daga cikin nata, tana murƙushewa a cokali za ta zuba wa Madam a madara, wai ciwonsu ɗaya, maganinsu ma ɗaya. Hamida ta shigo da kokon karin kumallo, ta gani, ta ajiye kwano ta riƙe hannun kakarta. Ta durƙusa ta bayyana mata cewa wannan magani guba ne ga kyanwa, ko ɗan ɓari yana iya kashe ta. Inna ta yi fushi, ta ce yau yarinyar da ta goya ce za ta koya mata magani. Hamida ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma saki hannun ba, sai da Inna ta yarda ta ba ta kyanwar ta gwada nata.

Ta sa Madam a kwando, ta hau moto, wato babur, da ita zuwa wurin likitan dabbobin da take sitaj, wato koyon aiki, a hannunsa. Ya duba, ya ce ciwon gaɓoɓi ne na tsufa, ba ya warkewa, amma ana rage zafinsa. Sai da ya gwada jininta ya tabbatar ƙodarta lafiya, sannan ya ba da maganin ruwa daidai nauyinta. Sauran aikin Hamida ce ta yi shi a gida. Ta sa Djibril kafinta ya yi ɗan matakala a gindin gadon Inna. Ta shimfiɗa tsohon zane a cikin kwali, tana naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma ta ajiye mata a gefe. Ta yanke bakin wata tsohuwar roba ya yi ƙasa, ta zuba yashi a ciki, fitsarin ɗaki ya ƙare. Abin da ya fi wuya shi ne hana kitsen da 'yan'uwanmu suke aikowa daga mahauta, don Madam ta yi ƙiba, nauyin kuma ƙafafun yake ci. Sau da yawa na kama Inna da guntun kitse a ƙulle a bakin zane! Hamida ba ta yi mata faɗa ba. Cewa ta yi Madam ba ta yarda da hannun kowa sai na Inna, don haka Inna ce za ta riƙa ba ta abinci, ta taje ta, ta fitar da ita tsakar gida duk lokacin da rana ta leƙo. Da haka matar da ta daɗe ba ta barin ɗaki ta koma fitowa kullum, tana dogara sanda, kyanwa tana bin ta a hankali.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muka ji Inna tana ƙwala mana kira. Muka ruga a tsorace, sai muka tarar da Madam a kan gado, ta hau da kanta, tana lasar ƙafa. Inna tana dariya tana share hawaye. Da yamma ta taka har zaure, duk wanda ya zo wucewa sai ta tsayar da shi ta gaya masa jikarta likita ce. Yanzu maƙwabta sun fara kawo awaki da tumaki ƙofar gida, Hamida kuwa sai ta duba, ta ce ita ba ta gama karatu ba, ta tura su wurin likitan da take koyo a hannunsa. Wallahi Yaya, wannan ya fi komai burge ni.

Na san ka so ta dawo Dapango ta riƙe maka shago, kuma ka ce aikin dabbobi ba na mace ba ne. Ban rubuto don in yi jayayya da kai ba. Likitan ya nema mata gurbin ci gaba da karatu a Lome, ana jiran amsarta kafin ƙarshen wata. Ta ce ba za ta tafi ba sai da izininka, kuma nauyinka ya hana ta tambaya. Ni na ga hannunta, na ga haƙurinta, ka haifi 'ya ta gari. Ina roƙonka ka sa mata albarka.

Ka gaishe da Yaya Azara, da Rashid, da Fa'izu, da Husseina da jaririnta. Salifu yana gaishe ka, shi ne ma yanzu mai sayo wa Madam kifi. Inna ta ce ita ta riga ta sa albarkarta, taka kawai ta rage, kuma in amsa ta yi jinkiri, ka shirya ɗaki, don za ta shiga taksi da gwiwoyinta da kyanwarta ta zo ta karɓa da kanta.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Salamatu